Yadda Kafinta Zai Shawo Kan Ƙurar Katako a Shagonsa

Kafin ka kashe ko kwabo a kan wannan lamari, yi wani ɗan gwaji. Da magariba, bayan an kashe injuna, ka turo ƙofar shago, ka kashe wuta, ka kunna tocila mai ƙarfi ka haska daga wannan bango zuwa wancan. Ka tsaya daga gefe ka kalli hanyar hasken. Za ka ga wani farin hazo yana lilo a hankali, ga shi kuwa tun ɗazu aka daina aiki. Da wannan hazon za mu yi ta fama a jagorar nan. Dusar da ta taru a gindin inji ido ya gan ta, ƙafa ta taka ta, kuma nauyinta ya kai ta ƙasa tun kafin ta kai hanci. Wadda ke lilo cikin hasken ita ce kai da yaran shago kuka wuni kuna shaƙa.

Ana auna irin wannan ƙura da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba tana wuce hanci da maƙogwaro ta gangara ƙirji, mafi laushinta kuma tana iya shafe sa'o'i a iska kafin ta kwanta. A Birtaniya, doka ta ce kada ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska, idan aka ɗauki matsakaicin aikin awa 8. Ta katako mai laushi kuma miligiram 5. Mu kawo lissafin gida. Shago mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska kubik mita 72. Miligiram 216 na ƙura ya isa ya kai shagon gaba ɗaya ga wancan iyaka, abin da bai kai rabin miligiram 500 da ke rubuce a jikin farasitamol ba. Minti kaɗan na gugar samfefa da inji yana fitar da abin da ya ninka haka.

Ba tari da mura kaɗai ne abin gudu ba. A shekarun 1960 likitoci suka lura da wata sankarar cikin hanci, wadda ba a cika gani ba, tana yawaita a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe na Ingila. A 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Wasu daga cikin katakan da muke saya a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Kasuwar Katako ta Yamai kuma suna da nasu halin: iroko da obeche an san su da tayar da asma, iroko yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, mansoniya kuwa tana sa atishawa ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci har da haɓo.

Mataki na farko: gano injin da ya fi ɓata maka iska

Mafi yawan kafintoci injin filen, wato mai fere fuskar katako, suke zargi, domin shi ke cika buhu. Amma abin da yake fitarwa manya-manyan ɓawo ne masu nauyi. Babban mai laifi shi ne samfefa, musamman idan an ɗaura ta a giranda, wadda ke juyawa sama da sau dubu goma a minti tana watsa gari ko'ina. Bayanta sai rauta, wato injin fitar da ado a gefen katako, sai zarton inji, musamman in allon MDF ake yankawa. MDF garin katako ne da aka matse da gam, gam ɗin kuma yawanci yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid. In ka yanka shi, gari yake komawa, mai laushi kamar fulawa.

Ka maimaita gwajin tocila a kan kowane inji yana cikin aiki. Wani ya riƙe tocilar ta bayan wurin da ake yanka, kai kuma ka duba ta ina ƙurar take tashi, ina take nufa. Sai ka jera injunan daga mafi muni zuwa mai dama-dama. Da wannan jeri za ka riƙa kashe kuɗinka, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: rage abin da kake haifarwa

Dakusasshen zarto niƙa yake yi, mai kaifi kuwa yanka. Wasa haƙoran zarto da wuƙaƙen filen a kan kari yana rage gari, yana kuma rage wa janareto wahala. Inda filen hannu zai iya gyara fuskar katako, bar shi ya yi kafin a kai ga samfefa. Kada a fara guga da lamba mai laushi a kan katako mai kaushi, a bi lambobin a jere, 80, 120, 180, domin tsallake lamba yana tsawaita guga. In kuma a kasuwa za a iya tsaga maka katakon a goge shi daidai awon da kake so, to a yi a can.

Mataki na uku: kama ƙura a bakin inda take fita

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ya kamata mafi yawan kuɗinka ya tafi. Da zarar ƙura ta bar bakin inji ta bazu, sai ka tace iskar shago gaba ɗaya kafin ka same ta. A bakin inji kuwa tana dunƙule wuri guda.

Injunan zuƙa iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna asarar kuɗi saboda rashin bambanta su. Akwai ƙaramin injin zuƙe shara mai siririn tiyo: jansa da ƙarfi, amma iskar da yake kwasa kaɗan ce. Shi ya dace da kayan hannu, wato injin samfefa, rauta, da zarton hannu, waɗanda yawancinsu ke zuwa da ɗan bututu a bayansu don a jona tiyo. Sau nawa na ga wannan ɗan bututu a buɗe yana feso wa mai aiki gari a ciki, alhali don tiyo aka yi shi. Akwai kuma babban injin ƙura mai fanka da buhu: jansa ba shi da ƙarfi sosai, amma yana kwasar iska mai yawa ta bututu mai faɗi. Shi ne na injin filen da zarton tebur. Kada ka sa ɗaya a aikin ɗayan. In ka rage bakin babban injin ya koma siririn tiyo, ka shaƙe shi. In ka jona ƙaramin da injin filen, cikin minti ɗaya zai toshe.

Lambobi biyu ya kamata ka riƙe. Na farko, dole iska ta riƙa gudun kamar mita 20 a daƙiƙa a cikin bututu, in ba haka ba dusa za ta kwanta a ciki har ta toshe shi. A bututu mai inci 4, wannan na nufin kimanin kubik mita 600 a awa; a mai inci 6, kimanin 1,300. In a jikin injin an rubuta CFM, wato kubik ƙafa na iska a minti, to bututu mai inci 4 yana son 350 zuwa 400. Kada ka gaskata lambar kwali ɗari bisa ɗari, galibi ana auna ta ne babu bututu babu buhu. Na biyu, zuƙa ba ta da dogon hannu. In ka matsa daga bakin bututu gwargwadon faɗinsa, gudun iskar ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma. Hura kyandir daga nesa za ka kashe shi, amma gwada kashe shi da zuƙa ka gani. Saboda haka bakin zuƙa ya matso dab da wurin yanka, ya kuma fuskanci inda inji ke jefa garin.

Injunan da ake ƙerawa a gida, irin na Fanteka a Kaduna, yawanci ƙasansu a buɗe yake. Ka ɗauki faliwud ka yi wa ƙasan zarton tebur akwati, ka karkatar da gindin akwatin zuwa wajen bakin bututu, ka bar 'yar kafa a ɗaya gefen don iska ta shigo ta share garin. Motar injin ta zauna a wajen akwatin ko a bar mata hanyar shan iska. A saman zarto kuma a sa murfi, domin haƙoran da ke tasowa ta baya suna jefo gari daidai fuskar mai tura katako. Injin filen, mai walda zai ƙera maka hula ta ƙarfe a inda ɓawo ke fita.

Wajen jan bututu: ya zama gajere, ya miƙe iya miƙewa. Kwana mai kaifi tana cin iska, don haka a yi kwana biyu masu digiri 45 maimakon guda mai 90. Tiyo mai zobba-zobba ya fi bututu mai sulɓi riƙe iska, a yi amfani da shi a ɗan gaɓar ƙarshe kawai. Kowane reshe a yi masa ƙofar zamewa, ko da ta faliwud ce, a buɗe ta injin da ke aiki a rufe sauran. A gaskiya, ga shago mai injuna biyu ko uku, ni na fi son a ɗora injin ƙurar a kan tayoyi a riƙa gungura shi zuwa inda ake aiki. Ya fi arha, kuma ja ba ya ɓacewa a hanya. In bututun roba ka sa, sa ran zai riƙa ɗan jan ka kamar lantarki da hunturu saboda bushewar iska. Na ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa ba ya wannan.

Sai ganga. Tsakanin inji da mai zuƙa, ka sa ganga mai murfi don ta tare manyan dusa kafin su isa matata. Ka huda murfin wuri biyu. Ramin gefe shi ne mashiga: ka sa masa gwiwar bututu daga ciki, bakinta ya bi jikin ganga, ta yadda iska za ta riƙa kewayawa kamar guguwa. Ramin tsakiya shi ne mafita zuwa mai zuƙa. Mai nauyi yana bin bango ya faɗi ƙasa, iska ta fice ta tsakiya. Ka yanko tsohon tiyub ka zagaye bakin murfin, domin in iska na shiga ta nan za ta riƙa tayar da abin da ya riga ya kwanta. A juye gangar kafin ta wuce kashi biyu cikin uku. Ganga mai lita 200 ta dace da babban inji. Ƙaramin kuwa bokitin fenti mai kauri ya ishe shi, amma na roba marar ƙwari lotsewa zai yi.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Buhun yadi da ke zuwa da injuna masu arha galibi yana tare abin da ya kai maikiron 30 ne kawai. Ma'ana ya riƙe maka dusar da ba ta cutar da kowa, ya hura mai cutarwar cikin shago da ƙarfin fanka. Haska shi da tocila yana aiki, za ka ga yana hayaƙi. Mafita biyu ce. Ko ka nemi matata mai tare maikiron 1, ko ka fitar da injin bayan bango, ka yi masa 'yar rumfa, bututu kawai ya ratso ciki. Ta biyun ta fi sauƙi a wurinmu, tun da ba ɗumama shago muke yi ba balle mu ji asarar iskar da ta fita. Amma ka duba ina iskar za ta nufa. Ba daidai ba ne ka tsira ka juye wa mai shayi ko mai abincin da ke maƙwabtaka da kai. Ƙaramin injin zuƙa kuma a nema masa matata mai tambarin HEPA, wato mai tare ƙura mai laushi sosai.

Mataki na huɗu: ba iskar shago hanya

Fankar sama ba ta fitar da komai, dama ƙura kawai take yi kamar ana dama fura. Abin da ake so shi ne iska ta shigo ta gefe ɗaya, ta ratsa wurin aiki, ta fita ta ɗaya gefen. Ka kafa fankar fitar da iska a bangon da ke kusa da wurin guga, ƙofa ko taga ta buɗe a ɗaya ɓangaren. Ka ninka girman shagon sau 6 zuwa 10, ka sami abin da fankar za ta ja a awa. A shagonmu mai kubik mita 72, tsakanin 430 da 720 ke nan.

Tsayuwar mai aiki ma da lissafi. Kada katako ya kasance tsakaninsa da inda iska ke shigowa, don garin zai ratsa ta fuskarsa. In kuma iskar ta bugi bayansa kai tsaye, takan naɗo ta gaban ƙirjinsa ta ɗago ƙura. Ta gefe ta fi. Ka rataya siririn zare a wurare uku ko huɗu ka ga inda yake karkata. Inda ya tsaya cik, nan ƙura ke maƙalewa. A ware wa guga lungunta, ko da labulen tamfol ne, nesa da inda ake fenti. Bayan an tashi, a bar fankar ta ƙara rabin awa in da wuta.

Masu aiki a rumfa ko bakin titi sun samu sauƙi, amma kada su ruɗu. Fuskar mai guga ba ta wuce kamu biyu daga katako ba, ko a fili yake.

Janareto kuwa waje, nesa da ƙofa da tagar da iska ke shigowa. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana iya kisa cikin 'yan mintuna.

Mataki na biyar: shara

Busasshiyar tsintsiya tana mayar da ƙurar jiya cikin iskar yau. Wanda ya fi ta muni shi ne kakkaɓe inji ko riga da iskar kwamfuresa. Wannan a hana shi kwatakwata. In akwai injin zuƙa, da shi za a share. In babu, a ɗebi dusa rabin bokiti a jiƙa ta, a watsa a ƙasa, a tura ta a hankali. Tana tafiya tana kwashe mai laushin. Kada ruwa ya kusanci soket ko katakon da aka busar. Kan kabad, kan katakon rufi, da bayan injuna a bi su da jiƙaƙƙen tsumma duk mako. Kuma mu faɗi gaskiya, wa ke shara a shago? Ƙaramin yaron da ya zo koyo, wanda ya fi kowa sauran shekaru a gaba. Shi ya fi cancantar takunkumi mai kyau.

Ɓawon filen masu kiwon kaji na saye don shimfiɗa, dusa kuma masu murhun dusa na so. A ware garin MDF da na faliwud da na katako mai fenti ko mai maganin gara, kada su je wa kaji, kada su shiga murhun girki.

Mataki na shida: takunkumi

Na ajiye shi nan da gangan, don shi ne katangar ƙarshe, mai tare abin da ya kuɓuce wa sauran. Hankici, rawani, da shuɗin takunkumin asibiti da muka saba da shi lokacin korona ba a yi su don wannan ƙura ba; ta gefe take shiga. Nemi mai tambarin N95 ko FFP2, waɗanda ke tare kashi 95 da 94 cikin ɗari a gwaji. Ga MDF da katako mai tauri, FFP3 ya fi, yana tare kashi 99. Mai aiki kullum gara ya sayi na roba mai matata biyu da ake canzawa. Ɗaura igiyoyin duka biyu, matse ƙarfen hanci, rufe shi da tafuka ka fitar da numfashi. In ka ji iska a ido ko kumatu, bai zauna ba. Kada a rataye shi a ƙusa cikin shago, a sa shi a leda a ƙulle. In numfashi ya fara nauyi ko cikinsa ya yi datti, ya gama aiki.

Akwai maganar gemu, kuma ba ta ɓoyuwa. Irin wannan takunkumi sai ya manne da fata yake aiki, gashi kuwa yana buɗa masa hanya. Da yawanmu mun ajiye gemu don sunna, ba kuma za mu aske ba. Mai gemu yana da zaɓi biyu: hular da ke rufe kai gaba ɗaya mai fanka da batir, wadda ba ta buƙatar mannewa amma tana da tsada, ko ya ƙara ƙaimi a mataki na uku da na huɗu, yana sane da cewa takunkuminsa kariya ce rabi da rabi.

Takunkumin ƙura ba ya tare tururin tina da fenti. Mai feshi sai matata mai gawayi a ciki. Madarar gwangwanin da ake sha bayan aiki wai don wanke ƙura kuwa, ciki take tafiya, ƙura tana huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Mataki na bakwai: wuta

Garin katako mai laushi da ya tashi a rufaffen wuri yana iya kamawa lokaci guda kamar fetur. A watan Yulin 2015 wata masana'antar niƙa garin katako a Bosley ta Ingila ta fashe, mutum huɗu suka mutu. Kada ka taɓa wasa ƙarfe da giranda kusa da bakin zuƙa, domin tartsatsi ɗaya na iya kwana yana ci a cikin ganga. A juye ganga da buhu kafin a rufe shago. A share garin da ke kan motar inji da cikin akwatin wuta, a kawar da wayoyin da aka haɗa da leda, a hana shan taba. Tsumman da aka shafa man katako da shi kada a dunƙule shi a lungu, yana iya yin zafi ya kama da kansa. A shanya shi a waje ko a tsoma shi a ruwa.

Mataki na takwas: saurari jikinka da na yaranka

A canza riga a shago, kada a kai ta gida a rungumi yara da ita. A wanke hannu da fuska kafin cin abinci, a kuma ci a waje. Yaran da ke kwana a shago a sama musu wani wuri, domin da dare ne ƙura mai laushi ke sauka.

Alamar da ta fi tona asirin asmar aiki ita ce wannan: tari, shaƙewa ko ƙugin ƙirji da ke tsananta a ranakun aiki, ya lafa ranar hutu ko lokacin da aka je gida hutun salla. Wanda ya ga haka ya je asibiti ya faɗa wa likita sana'arsa da irin katakon da yake aiki da shi, domin in jiki ya riga ya ƙi wani katako, ƙura kaɗan ta isa ta tayar da ciwon. Wanda kuma ya daɗe a sana'ar, ko da ya bar ta shekaru da yawa, in ya ga kafar hanci ɗaya ta toshe ta ƙi buɗewa, ko jini na yawan fita ta gefe guda, ko ya daina jin ƙamshi, kada ya tsaya sayen maganin mura a kemis. Ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya gaya masa shekara nawa ya yi yana aikin katako.